GANAU KO JIYAU? Sharhi Kan Rubutun Labarin Kai, Daga Baba Mutuniyar Karo Zuwa Mutanen Damari

'Yan uwa marubuta, a cikin rubuce-rubucen da mambobi da sababbin shiga ke aiko wa wannan mujalla tamu, akwai wani nau'i da ya yawaita a 'yan shekarun nan, wato labarin kai. Abin da muke nufi shi ne mutum ya ɗauki alƙalami ya ba da labarin wani abu da ya same shi, da bakinsa, yana cewa "na gani", "na ji", "na gudu". Da yawa daga cikinsu daga kudancin Katsina suke fitowa, yankin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, kuma ba sai an gaya wa kowa dalili ba. Mutanen da suka shekara goma suna kwana da ido ɗaya ba su rasa abin faɗi ba. Abin takaici shi ne, sai ka ɗauki labarin wanda ya kwana arba'in a daji a ɗaure, ka karanta shafi biyu, ka ji barci na fizgar ka. Ga nama, ga mai, amma miya ta ƙi daɗi. Wannan shi ne abin da muke son mu tattauna, kuma za mu kafa hujja da littattafan magabata, don ba mu ne farau ba.

Mu fara da abin da ya fi yawan kashe irin waɗannan labarai, wato marubuci ya manta cewa shi ganau ne, ya koma jiyau. Alal misali, kowa ya san a daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji, aka sako 344 a ranar 17 ga watan. Kowa ya ji harin Kadisau ta ƙasar Faskari a watan Yuni na wannan shekarar. Haka nan a watan Fabrairu, 2024, an tare mata 'yan rakiyar amarya a hanyar Damari ta Sabuwa aka wuce da su, jaridu suka yi ta saɓani a kan yawansu. Waɗannan duk rediyo ta faɗa, jarida ta buga. To, sai ga wanda abin ya rutsa da shi, ko ya rutsa da matarsa, ya zo rubuta nasa labarin, ya cika shafi uku da maimaita abin da rediyo ta riga ta faɗa, ya ƙara da tarihin taɓarɓarewar tsaro a Nijeriya, ya ɗora da kira ga gwamnati. Abin da shi kaɗai ya sani, wanda babu ɗan jaridar da zai iya samo shi, sai ya dunƙule shi cikin jimla guda: "Mun sha wahala matuƙa, sai dai mu ce Allah Ya isa." Wace irin wahala? Da me aka ɗaure ku? Me kuka sha da ƙishirwa ta kama ku? Wa ya fara kuka? Mai karatu a Kano ko Maraɗi ya san lissafi, abin da bai sani ba shi ne yadda ƙaya ke shiga ƙafar wanda aka kora babu takalmi.

Idan ana neman malamar wannan fanni, ba sai an je nesa ba. Giwa ta ƙasar Zazzau maƙwabciyar Sabuwa ce, kuma a can ne wata tsohuwa mai suna Baba, wadda aka haifa a 1877 ta rasu a 1951, take zaune lokacin da ta haɗu da Baturiyar nan Mary Smith, matar M. G. Smith mai binciken al'adun Zazzau. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950 Baba ta zauna tana ba da labarin rayuwarta, Baturiya na rubutawa. An buga shi da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo, sai a farkon shekarun 1990 Jami'ar Bayero ta fito da asalin Hausar da sunan Labarin Baba. Duk marubucin da ke son rubuta labarin kai bai karanta wannan littafi ba, ya tafi farauta ya bar kare a gida.

Me ya sa labarin tsohuwar da ba ta yi boko ba, ba ta riƙe sarauta ba, ba ta ma taɓa haihuwa ba, ya shekara saba'in ana karanta shi a jami'o'in duniya? A ganinmu, saboda Baba ba ta san dunƙule magana ba. In za ta ba da labarin biki, sai ta gaya maka wa ya kawo me, kuɗi nawa, wa ya riƙe amarya, me aka dafa, wace waƙa 'yan mata suka yi. In ta zo kan aurenta na fari, na zumunta, wanda ranta bai kwanta da shi ba, ba ta tsaya yi wa auren dole huɗuba ba, ta dai faɗi abin da iyaye suka ce da abin da ita ta yi, ta bar ka da hukunci. Wurin da ya fi shafar mutanen Damari kuwa shi ne labarinta na zamanin hare-hare kafin zuwan Turawa, lokacin da mahaya ke faɗa wa ƙauyuka da gonaki su kwashi mata da yara, dangi su bi sawu, su tara kuɗin wuri su fanso nasu. Wanda ya karanta wannan ɓangare a yau sai tsikar jikinsa ta tashi, don in ka cire doki ka sa babur, ka cire wuri ka sa naira, kamar jiya aka yi. Amma ku lura da yadda ta faɗe shi. Ba ta ce "zamanin ya kasance mai tsanani" ba. Mutum ɗaya take kamawa, ta gaya maka dangantakarsu, inda yake lokacin da aka zo, abin da ke hannunsa, yadda aka yi cinikin fansa. Da mutum ɗaya ta nuna maka zamani sukutum.

Akwai kuma wani abin da ba a cika lura da shi ba. Baba 'yar masu bayi ce, danginta suna da rinji, kuma ba ta ɓoye ba. Ta faɗi yadda bayi suke noma musu, ta faɗi yadda suka watse bayan zuwan Turawa, da yadda hakan ya taɓa arzikin gidansu. Ba ta wanke kanta don ta burge Baturiya ba. Wannan shi ya sa muke yarda da sauran abin da ta faɗa. Yanzu ku gwada da rubutun da ke iso mana. Kusan kowane mai ba da labari jarumi ne, shi ya ba kowa haƙuri a daji, shi ya ja salla, shi ya kalli ɗan bindiga ido cikin ido ya gaya masa gaskiya. Ba mu ce ƙarya ba ne. Amma mai karatu ɗan Adam ne, ya san tsoro. Marubucin da ya iya cewa, "Da na ji harbi na haura katanga, sai da na kai cikin dawa na tuna ban ɗauko yaron ba," ya kama zuciyar mai karatu kamun da ba za ta kuɓuce ba, domin kowa zai tambayi kansa, ni da me zan yi? Mun san akwai kunya, kuma kunya ado ce a wurinmu. Sai dai wanda kunya ta hana shi faɗin rauninsa gara ya rubuta ƙagaggen labari ya ɗora wa wani, a nan babu mai tuhumar sa.

Kafin Baba akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama aka bautar, aka 'yanta shi a Barno, ya bi Baturen nan Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, har Tambutu, daga baya ya isa Ingila a 1855. A can ya ba wa J. F. Schön labarinsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Hausar littafin ta tsufa, rubutunta ma na wahalar da mai karatun yau, amma akwai darasi guda a ciki da ya isa a sha wahala dominsa. Dorugu yaro ne lokacin da ya ba da labarin, kuma da idon yaro ya ba da shi. Da ya zo kan yadda Turawa ke zama cin abinci, bai yi kamar ya saba ba, ya bayyana shi a matsayin abin mamaki, daki-daki, yadda ya gan shi ran farko. Wannan ita ce dabarar da masu rubuta ƙuruciyarsu ke yawan saki. Mutum yana ba da labarin ranar da aka kai shi makarantar allo yana ɗan shekara shida, amma sai ka ji yaron yana tunani irin na mai digiri. In kana ɗan shekara goma sha uku aka kora ku daga ɗakin kwanan makaranta, to bar mu mu ga daren da idon ɗan shekara goma sha uku, wanda watakila abin da ya fi damun sa a sa'ar farko shi ne ya bar akwatinsa a buɗe. Fahimtar da ka samu daga baya ka ajiye ta sai inda ta dace.

Marigayi Abubakar Imam ya bi wata hanyar a Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944 bayan tafiyar da ya yi zuwa Ingila a 1943 tare da editocin jaridun Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙarfin Imam shi ne ya san wa yake yi wa magana. Tun 1939 yake hira da masu karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya san yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba, don haka da ma'aunin gida yake auna musu abin waje. Namu marubutan sukan yi akasin haka ta fuska biyu. Wani ya rubuta kamar kowa ɗan Sabuwa ne, ya ambaci ƙauyuka goma a jere bai gaya mana wanne ke gabas da wanne ba, ko tafiyar awa nawa ce a ƙafa. Wani kuma ya tsaya yana yi wa Bahaushe bayanin mene ne rumbu. Sai dai ba za mu bar Imam haka nan ba tare da ƙorafi ba. Editan jaridar gwamnati ne, kuma a ra'ayinmu ana jin wannan taka-tsantsan a littafin, malami ne ke koyarwa fiye da matafiyi mai buɗe cikinsa. Irin wannan ya fi fitowa fili a littafin Sardauna Ahmadu Bello, My Life, na 1962, wanda aka fassara da sunan Rayuwata. Babin farko-farko, inda yake bayanin Rabah da ƙuruciyarsa, suna da rai, kana ganin gari da kogi da mutane. Da aka shiga siyasa sai jawabai da tarurrukan tsarin mulki suka cinye mutumin, littafin ya koma taskar masu binciken tarihi. Yana da amfaninsa a haka, amma ba shi za mu miƙa wa mai koyon riƙe mai karatu ba.

To, ina ya kamata a fara labari? Yawancin abin da muke samu yana farawa da sallama, da godiya, da ranar haihuwa, da sunayen makarantun da aka yi, sai a shafi na huɗu a iso ga abin da ya sa aka ɗauki alƙalami. Godiya ga Allah wajibi ce, tana da shafinta. Amma labari ya fara daf da inda rayuwa ta karkace. Ba kuma lallai da harbi ba. Sau da yawa abin da ya fi tsuma mutum shi ne zaman lafiyar da ke gab da wargajewa: ana ɗaure kayan amarya a mota, wata na cigiyar ɗankwalinta, direba na cewa a yi sauri kada magariba ta yi a hanya. Mai karatu ya riga ya san abin da ke tafe, su ba su sani ba, wannan ratar ita ke hana shi ajiye takarda. Daga nan a bi lokaci yadda ya zo. Kada a yi gaggawar gaya mana "daga ƙarshe dai an sako mu bayan an sayar da gonar gado." In ka faɗi wannan a shafi na biyu, me ya rage da zai kai mu shafi na ashirin?

Sai maganar harshe, kuma a nan muna da zafi. Akwai wata Hausa ta ofis da ta fassarar labarai da ta mamaye alƙaluman matasa, ta "gudanar da", da "aiwatar da", da "bayyana cewa". Sai ka ji tsohuwar ƙauye a cikin labari tana cewa an gudanar da hari a kansu. Wace tsohuwa ce ke magana haka a Damari? Ta ce an faɗo musu, ko ɓarayi sun shigo. Mutanen yankin suna da kalmominsu na wannan zamani, yadda suke kiran mutanen daji, da yadda suke sakaya magana in ba su yarda da wanda ke kusa ba, da karin harshensu da ke tsakanin Katsinanci da Zazzaganci. A bar kowa ya yi magana da bakinsa. Daidaitacciyar Hausa tana wurin ƙa'idar rubutu, raba kalma da haɗe ta da ƙugiyar baƙaƙe, ba wurin kashe muryar mutane ba. Haka kuma karin magana. Gishiri ce, kuma mun ga labarin da aka zuba guda goma sha a shafi ɗaya, har aka rasa mai makoki a cikin hikima.

Wa'azi ma haka. Mun fahimci mai rubutu yana son a ɗauki darasi, kuma adabinmu ya taso da gargaɗi tun daga waƙoƙin masu jihadi. Amma labarin da aka ba da shi da kyau ya riga ya yi wa'azinsa. In ka nuna mana magidanci yana auna masarar da ya noma, tiya-tiya, yana sayarwa a kasuwar Dandume don ya haɗa kuɗin fansar 'yarsa, ba ma bukatar ka ƙara mana shafi a kan zalunci.

Akwai wata tambaya da za a yi mana, kuma tana da nauyi. Baba ta yi maganar mutanen da suka riga suka mutu, a zamanin da hari ya wuce. Mai rubutu daga Faskari ko Sabuwa yana maganar masu rai, masu bindiga, da masu kai musu rahoto da ke cikin gari. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci kwashe ɗaliban Ƙanƙara, ya ajiye makami a farkon 2021, ya koma daji, aka kashe shi a watan Afrilu na shekarar, amma ba shi kaɗai ba ne. A 2025 an yi zaman sulhu da mutanen daji a wasu ƙananan hukumomin yankin, wanda ke nufin mai labari na iya haɗuwa da wanda ya ɗaure shi a kasuwa. Shin ƙananan bayanan da muke ta nema ba za su jefa marubuci cikin haɗari ba? Amsarmu ita ce a bambanta bayanin da ke rayar da labari da bayanin da ke nuna mutum. Ɗanɗanon ruwan da aka sha a kududdufi ba ya tona kowa. Sunan unguwa, da sana'ar maƙwabcin da ake zargi, da lakabin wanda ya kai kuɗi, waɗannan suna tonawa, kuma cire su ba ya rage wa labari komai. A sauya suna, a sauya gari in ta kama, a faɗa a farkon littafi cewa an sauya. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ƙara abin da bai faru ba don labari ya yi armashi, ko ɗora wa wani laifin da ji kawai aka yi. Abin da ka gani ka ce ka gani, abin da aka gaya maka ka ce an gaya maka. Batun matan da aka ci wa mutunci kuwa, ba mijinta ko wanta ke da ikon fitar da shi ba, ita ce, in ta so, a lokacin da ta so.

Wannan ya kai mu ga waɗanda ba su iya rubutu ba, kuma su ne mafi yawa. Ba don Mary Smith ta zauna makonni tana saurare ba, da Baba ta tafi da labarinta kabari. Ba don Schön ba, da ba mu san Dorugu ba. Haka Neil Skinner ya yi da Alhaji Mahmudu Ƙoƙi, littafin ya fito a 1977. Abin lura, duk baƙi ne suka yi wannan aiki. Yau kowane mamba na wannan ƙungiya yana da waya mai ɗaukar murya a aljihunsa, kuma yana da gwaggo ko kawu da ya baro ƙauye ya dawo Funtuwa ko Katsina ko Zariya da zama. Sharaɗin aikin shi ne haƙuri da kame baki. Kada ka tambayi tsohuwa ra'ayinta kan matsalar tsaro, za ta ce maka sai addu'a. Tambaye ta me take dafawa ran da aka shigo, wa ta fara nema, me ta ɗauka da za ta fita. Tambaye ta watannin ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, cikinsu har da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, aka kuma taƙaita cinikin dabbobi da sayar da mai a jarka: yaya ake jin labarin ɗa da ke birni, ina ake zuwa neman layi? In ta yi shiru, bar ta, kada ka cike mata. In ka zo rubutawa kuma kada ka gyara mata magana ta koma taka.

Kada kuma aikin ya tsaya a cikin gari. Akwai Bafulatanin da aka kore wa shanu tun kafin abin ya iso kan manoma, akwai matar ruga da 'yan sa-kai suka kashe wa miji a hanyar kasuwa ba tare da ya yi laifin komai ba, akwai ɗan sa-kai ɗin kansa da abin da ya fitar da shi daga gida da dare. Har yanzu ko ɗaya daga irin waɗannan bai iso teburinmu ba, kuma shafukan fitowa ta gaba a buɗe suke ga wanda ya kawo. Kada ya wuce shafi goma, a rubuta a fuska ɗaya ta takarda, a kuma haɗo da shaidar cewa mai labarin ya yarda a buga.